Maganin Kawu Ya Riga Shi Mutuwa

Daga Allah muke, gare shi za mu koma, wannan ban ja ba. Abin da na ja shi ne maganganun da aka cika mana kunne da su a zaman makokin Kawu. Ni ce mai kai ruwa da fura tsakanin rumfar maza da cikin gida, saboda haka babu wadda ta wuce ni.

Liman ya ce lokaci ne. To, wa ya isa ya ce ba lokaci ba ne? Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Yamai cikin motoci masu sanyi, suka yi ta yabonsa da Faransanci, wani har da share hawaye, alhali babu ɗayansu da ya taka ƙofar gidan nan tun da idanun Kawu suka mutu. Wata tsohuwa 'yar bori daga ƙauyen kakanninmu ta ja ni gefe, ta ce tun tuni ta faɗa, wanda ya ƙi yanka wa iskokin gidansu ko ɗan zakara, ƙishirwa ce ajalinsa. Ita ban ji haushinta sosai ba, don da ƙafa ta tako, tafiyar wuni guda. Abin da ya ƙona mini rai shi ne wanda mata ke faɗa ƙasa-ƙasa a bakin murhu: "Ga Mushe da duk saninshi, allurar ba ta hana komi ba. Ƙila ma ita ta ƙarasa shi." Mushe, wato Malam da Faransanci, shi ne sunan da duk Filingue ke kiransa da shi, don malamin lakwal ne, makarantar boko.

Maganar ba ta tsaya a bakin murhu ba. Maƙwabciyarmu, Gwaggo mai ƙuli-ƙuli, tana da ciwon sukari irin na Kawu, kuma shekara da shekaru kowace safiya takan shigo in yi mata allurarta bayan na yi masa tasa. Tun ranar jana'iza ta ƙi. Na bi ta har ɗaki da kwalbar, ta kawar da kai ta ce, "A'a ɗiyata. Abin da ya ci Mushe ba shi cin ni ina gani." Ni kuwa na san abin da ya kashe Kawu, kuma Kawu da bakinsa ya hana ni faɗa. Haka na yi kwana bakwai ina kallon Gwaggo tana ramewa, ina riƙe da alkawarin mamaci.

Kawu yayan mahaifiyata ne. Shi ya riƙe ni tun ina ƙarama bayan rasuwarta, daga gidansa aka kai ni ɗakin miji, gidansa na dawo da mijina ya rasu. Gajere ne, muryarsa ta fi jikinsa, kuma wallahi ba ya iya ganin abu ya wuce bai yi bayani ba. Ilimin halittu ya koyar a koleji har ya yi ritaya, amma bai taɓa yarda cewa darasi ya ƙare da ƙararrawa ba. Ranar kasuwa in ka raka shi sayen nono, ka shirya tsayuwa. Ya taɓa tsare wata Bafulatana yana gaya mata dalilin da madara ke daskarewa in ta yi tsami, har ta gaji ta ce, "Mushe, saye za ka yi ko karatu?" Ya saya, amma sai da ya ƙarasa.

Abin da ya fi so a duniya shi ne furotin. Yakan ce su ne ma'aikatan cikin jiki, na mutum da na dabba da na hatsi, kuma kowanne dogon zare ne da aka jera da ƙananan guntaye iri ashirin. Amma zaren ba ya aikin komai sai ya naɗe kansa, kowanne da irin naɗinsa. Na cikin jini ya naɗe da ɗan aljihu da yake ɗaukar iska. Na gashi da na jijiya sun murɗe dogo-dogo, shi ya sa suke da ƙarfi. Na miyau yana da baki daidai da abincin da yake yankawa, ba ya taɓa wani. Yadda abu ya naɗe, in ji shi, shi ne aikinsa.

Da ya ga yara sun yi masa zuru, sai ya ɗauko faifai. Na Inna ne, matarsa, Allah ya jiƙanta. Yakan ɗaga shi ya ce, "Da mi anka yi wanga?" A ce kaba. Ya nuna igiyar guga, a ce kaba. Ya nuna malafar da ke kansa, a ce kaba. Sannan ya zauna a gaban aji ya warware faifan tas, ya tara kabar a tebur, ya kira wata yarinya ya ce ta bakace masa gero da ita. Aji ya fashe da dariya. Ya ce, "Ko sili ɗaya bai ɓace ba. Kaba duk tana nan, faifai ne babu. Haka zahi ka yi ma furotin, warware shi yake." Kowace shekara sai Inna ta rasa faifai, kowace shekara sai an ji su har waje. Tana cewa, "Gwamnati ba ta da faifai ne sai nawa?" Shi kuma ya ce na gwamnati ba ya da kyan saƙa.

Wannan ilimin ne ya kai shi gidan jandarma. Zamanin mulkin soja na farko ne, ina 'yar firamare, shekarar da sanƙarau ya yi ɓarna. Aka kawo rigakafi cikin akwatunan sanyi, aka ce kwamanda da kansa zai buɗe aikin a filin lakwal. Wani mai neman suna ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya fito da kwalaben ya jera reras don kwamanda ya gani. Bazara ce. Tun hantsi muke layi muna waƙa, ana kiɗa, kwamanda bai iso ba sai bayan azahar. Yana zama Kawu ya miƙe daga cikin malamai, ya je ya taɓa kwalba ɗaya, ya juyo ya ce, "Ranka ya daɗe, wanga magani ya mutu tun ɗazu. Ruwa za ku tsira ma ɗiyan mutane, ku ce musu sun tsira."

Kiɗa ya tsaya. Na ga manyan gari, iyayen waɗannan masu motocin da suka zo yi mana kuka, kowa ya sa ido a ƙasa kamar ya yar da allura. Jandarmomi biyu suka tafi da shi. Kwana uku ya yi a tsare, ya dawo an aske masa kai ƙwal, sannan aka tura shi wani ƙauye can bayan Bonkuku, ya yi shekara huɗu. Ranar da ya dawo daga tsare Inna tana kuka, shi kuwa cewa ya yi, "Na yi musu darasin a can. Guda ya gane, wallahi yaron yana da kai."

Da ciwon sukari ya kama shi bayan ritaya, aka ɗora shi kan allurar insulin. Ya zaunar da ni ya ce shi ma furotin ne, ɗan ƙarami, an naɗe shi daidai da ƙofar da yake buɗe wa sukari ya bar jini ya shiga tsoka. In naɗin ya lalace, ruwan na nan a kwalba, amma ƙofa ba ta san shi ba. Ba mu da firigo, wato firiji, kuma ko muna da shi kuran ɗin garin nan, wutar lantarki, ba abin dogara ba ne. Sai ya sa maginiya ta gina masa tukwane biyu, ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da yashi, ya ajiye a inuwar dogon yaro, ya rufe da jiƙaƙƙen buhu. Safe da yamma ake jiƙa yashin. Sa hannu ciki ka ji sanyi mai daɗi, ko da rana na dukan tsakar gida.

Ba a daɗe ba masu ciwon na unguwa suka fara kawo nasu. Mutum biyar, har da Gwaggo. Da yake yawancinsu ba su karatu, kowa ya ɗaura masa zare mai launi a wuyan kwalba, na Gwaggo ja. Bai taɓa karɓar ko goro ba, sai dai fa dole ka tsaya ka sha bayani. Da idanunsa suka tafi, ni na gaji tukunyar da allurar. Kowace safiya kafin ya miƙa hannu sai ya ce, "Kin jiƙa yashi?" Shekara goma sha wani abu tukunyar nan tana riƙe da shi, ko sau ɗaya ba ta ba shi kunya ba.

Sai ga Yaya. Yaya shi ne babban ɗan Kawu, ma'aikaci ne a Yamai, shi ke ɗauke da gidan, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, yana son ubansa. Bayan sojoji sun sake dawowa kan mulki, lokacin da kuran ke wuni ba ya nan, ya iso da firigo ɗaure a saman mota, da farantan hasken rana. Unguwa ta taru kallo. Irin mai yin ƙanƙara ne, wanda ake buɗewa ta sama. Ana cikin haɗa wayoyi ya leƙa gindin dogon yaro, ya tarar da kaza kwance a kan jiƙaƙƙen buhun tana shan sanyi. Ransa ya ɓaci. Ya ce, "Ubana da ya koyar da likitoci, maganinshi ƙarƙashin kaza? Haba! Mi mutane za su ce da ni?"

Ya kwashe kwalaben Kawu, har da sababbin da ya zo da su, ya jera can ƙasan firigo. Na maƙwabta ya ce su zauna a tukunyarsu, in aka buɗe wa kowa gidan zai koma asibiti. Na ce, "Yaya, na taɓa jin Kawu ya ce ƙanƙara ma ba ta da kyau gare shi." Ya dube ni sama da ƙasa. Ya ce, "Ke, a Filingue sanyi ka kashe magani? Kin hi waɗanda sunka ƙera injin sani? Kuma kada ki gaya mishi, kin san rigimarshi, sai ya ce a maida tukunya."

Na yi shiru. Ina so a rubuta wannan da kyau: na yi shiru. A ƙasar nan tun muna goye zafi muka sani abokin gaba, shi ke ɓata nama, shi ke ɓata nono, shi ya kai Kawu gidan jandarma. Wa ya taɓa jin tsoron sanyi? Maganar ƙanƙara sau ɗaya na ji ta a bakinsa, ita ma a wuce. Ga shi ni 'yar riƙo ce, bazawara, ina cin tuwon gidan da Yaya ke cika wa rumbu. Sai na ce wa raina ƙila ban ji daidai ba. Tir da ni.

Yaya ya koma Yamai ana sa masa albarka. Ni kuwa kowace safiya in ɗauko kwalba ta daskare kamar dutse, in jefa ta cikin kofin ruwa ta narke, in murza ta a tafin hannu har ta yi ɗumi don kada Kawu ya ji, in yi masa, in mayar da ita firigo ta sake daskarewa. Ya ce, "Kin jiƙa yashi?" In ce na jiƙa. Ba ƙarya ba ce, ina jiƙawa saboda na maƙwabta. Da wannan na riƙa rarrashin kaina.

Ƙishirwa ta fara. Ya sha moɗa guda ya nemi wata, buta ba ta hutawa, wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Muka ce bazara ce. Na kai shi asibiti, majo, wato babban mai jinya, ya auna ya ce sukari ya hau, a ƙara yawan allura. Ya tambaye ni ko muna ajiye maganin a sanyi, na ce har firigo gare mu, ya ce madalla. Na ƙara allurar. Ruwa na ƙara masa.

Wajen mako na uku, wata safiya ina sauri, ban murza kwalbar sosai ba. Da allura ta shiga sai ya ɗan zabura. Ya ce, "Miƙo mini kwalbar." Na miƙa. Ya shafa ta da babban yatsa, takardar jikinta ta saɓule saboda jiƙa da bushewa. Ya ɗora ta a kumatu.

"Wagga daga tukunya ta hito?"

Kafin in buɗe baki ya miƙo mini ita.

"Ɗaga ta ga haske. Akwai gari-gari manne ga gilashi?"

Na ce akwai.

"Tun yaushe?"

Na ce tun zuwan Yaya. Na gaya masa komai. Ya lanƙwasa yatsu yana ƙirga kwanaki. Can ya ce, a hankali kamar yana aji, "Ƙanƙara matse su take, su warware, su dunƙule da juna. In ta narke ba su komawa. Ni na yi sake, zahi kaɗai na riƙa yi muku wa'azi a kai."

Na so ya zage ni. Wallahi na so ya ɗaga muryar nan da ta tsayar da kiɗa a gaban kwamanda, ya sauke mini ita a kai. Bai yi ba. Ya lalubo hannuna ya ce, "Kada ki hwaɗa ma yayanki. Don so ya yi. In ya ji, ba shi ƙara ɗaga kai cikin mutane. Ki ce kin ji." Na ce na ji.

Na ɗebi na Gwaggo na yi masa, na sa aka kawo amalanke muka tafi asibiti. Majo ya sa masa ƙarin ruwa, ya ce abin ya wuce nan, sai Yamai. Muka samu mota bayan azahar. Ba mu ci rabin hanya ba ya cika, kansa a cinyata, leɓɓansa sun bushe, yana neman ruwa.

Ranar sadakar bakwai gida ya cika. Yaya ya sa an fasa ƙanƙara daga firigon an zuba a randunan baƙi, mutane na sha suna cewa Allah ya ba kowa ɗa irinsa. Gwaggo tana zaune jikin bango. Na ƙirga, moɗa huɗu ta sha kafin a gama raba waina, sau biyu ta tashi ta zagaya bayan ɗaki tana dafa bango. Idanunta sun faɗa. Na san wannan kamar, mako uku na yi ina kallonta a fuskar Kawu.

Yaya ya shigo cikin gida yi wa mata godiya. Wata ta ce, "Sannu da ƙoƙari. Allurar nan dai ba ta da amana." Ya gyaɗa kai ya ce, "Mun yi iyakar yinmu. Magani ne bai karɓe shi ba." Na ga Gwaggo ta gyaɗa kai ita ma.

Nan na ajiye tiren da ke hannuna. Na ce, "Ba haka ba ne." Na ce, "Magani bai ci amanar Kawu ba, mu munka kashe maganin kahin ya shiga jikinshi. Insulin ba ya son ƙanƙara. Yaya ya sa shi cikin firigo ya daskare, ni kuma na riƙa narkar da shi ina tsira mishi ruwan banza har mako ukku. Na mutanen unguwa da anka bari cikin tukunya lahiyarsu lau, ga su nan zaune da ransu."

Yaya ya ce, "Ƙarya kike." Na ce ya je ya ɗauko kwalba ya kai wa duk likitan da ya yarda da shi a Yamai. Ya ce, "To don mi ba ki hwaɗa ba?" Na ce, "Na hwaɗa, ka ce in yi shiru, na yi. Kai sau ɗaya ka sa ta ciki. Ni kullum sahe nike maida ta."

Ya tsaya yana kallon moɗar ruwan sanyi da ke hannun wata yarinya. Sannan ya juya ya fita, hularsa ta bugi saman ƙofa ta faɗi, bai tsaya ɗauka ba. Mata suka taso mini. Wata ta ce na tona asirin gida ranar sadaka, wata ta ce ɗiyar riƙo dai ɗiyar riƙo ce. Na bar su suka yi ta yi, don wasu daga ciki gaskiya suka faɗa.

Da hayaniya ta lafa Gwaggo ta yafito ni. Ta ce, "Tawa tana cikin tukunya?" Na ce ba ta taɓa barin ta ba. Ta ce, "Ko sau ɗaya?" Na ce ko sau ɗaya. Ta dube ni ta daɗe, sannan ta janye mayafi daga damtsenta a gaban kowa, ta ce, "To ɗauko."

Kawu, na saɓa maka, kuma ba zan ce na yi nadama ba. Har yanzu ina fushi da kai. Kai da ka ci ɗauri don ɗiyan mutane, ka zo ƙarshe ka ɗora mini shirun da ya kusa kai Gwaggo kabari, don ka tsare ɗanka. Ina fushi da Yaya da kunyarsa ta kaza a kan buhu, ina fushi da masu cewa lokaci ne don kada a tambayi kowa komai, kuma duk fushin nan in aka haɗa bai kai wanda nake yi da kaina ba. Allah ya jiƙanka, ya yalwata maka makwanci, ya saka maka da kowane yaro da ka buɗe wa kai da kowane maƙwabci da ka riƙe wa rai. Mu kuma da muka yi maka wannan da hannunmu, Allah ya dube mu.

Gwaggo ta koma suyar ƙuli-ƙulinta, jiya ma ta aiko mini. Yaya ya bar Filingue washegarin sadaka bai yi wa kowa sallama ba. Matarsa ta ce daga wurin aiki sai ɗaki, ko zaman majalisa ya bari. Wata na biyu ke nan. Kowace safiya ina yi wa Gwaggo allura, kowace Juma'a ina kiran wayar Yaya, tana ta ƙara har ta katse.